Gaɓar Bahar Maliya a Sudan: Me Ke Cin Tsuntsayenta, Wa Zai Tsare Su?

Kusa da Bur Sudan an yi wata wayar lantarki mai tsawon kilomita 31 da aka kafa tun shekarun 1950. Wurin fili ne fetal, yashi da gishiri, babu bishiyar kirki, saboda haka duk babban tsuntsun da ya gaji da tafiya turakun wayar nan yake hange ya sauka. Turakun na ƙarfe ne, wayoyin kuma tsirara. Farar ungulu, wadda Larabawa ke kira rakhama, da zarar ta buɗe fikafikai ta taɓa waya da ƙarfe a lokaci guda, sai ta faɗo matacciya. A farkon shekarun 1980 wani Bajamushe masanin tsuntsaye, Gerhard Nikolaus, ya bi ƙarƙashin wayar ya tarar da mushen ungulu da dama. Rahotonsa ya fita, waya ta ci gaba da kisa. A 2010 masana daga Bulgeriya tare da Ƙungiyar Namun Daji ta Sudan suka sake bin layin, suka iske abin yana nan yadda yake. Sai a 2014 aka kashe wayar, aka maye gurbinta da wata mai rufi. An kiyasta ta hallaka ɗaruruwan ungulu, watakila ma dubbai, alhali tun 2007 wannan ungulu take cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa a duniya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne ginshiƙin duk maganar tsare tsuntsayen gaɓar nan. Tsuntsu yana iya ratsa nahiyoyi uku, amma ajalinsa da tsirarsa suna taruwa ne a wasu 'yan wurare ƙanana ƙwarai: layin waya ɗaya, tsibirin yashi da za ka zagaye shi da ƙafa kafin shayi ya huce, ko 'yar kurmin bishiyoyi a bakin korama. Wanda ya gane wuraren nan, ya kuma san makonnin da suka fi haɗari, ya yi rabin aikin.

Gaɓar Sudan ta haura kilomita 700 daga iyakar Masar zuwa ta Eritiriya. Bahaushen da ya san fadamar Haɗejiya ko bakin Shuɗin Nilu a Mai Wurno, in aka ce masa nan ma fadama ce, zai yi musu, don idonsa ba zai ga kore ba. Babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara da ke zuba a Bahar Maliya. Ruwanta yana ɗauke da gishiri wajen giram 40 a kowace lita, alhali na manyan tekuna wajen 35 ne. Ɗan ruwan saman da gaɓar ke samu ya fi sauka da hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu. Hawa da saukar teku na yau da kullum ma kusan babu shi a wajejen Bur Sudan; na shekara ne ake gani, inda ruwa ke tashi da kimanin rabin mita lokacin sanyi, ya ja baya lokacin zafi. Fadamar nan ta ƙunshi marsa, wato ƙananan mashigan da teku ke kutsowa cikin ƙasa, da filayen gishiri da taɓo, da ciyawar ƙarƙashin ruwa inda ɗan'uwan ayu na teku ke kiwo, da tsibiran yashi da murjani, sai kuma kurmin shura.

Shura ita ce bishiyar da ke tsiro da ƙafarta a cikin ruwan gishiri. In ka matsa kusa da ita a Kilo Tamanya, kudu da Bur Sudan, za ka ga taɓon da ke kewaye da ita cike da saiwoyi masu tsini sun leƙo sama, tsawon yatsa zuwa taƙi. Da su take shan iska, domin taɓon ba ya da ita. Juya ganyenta ka shafa, gishiri zai biyo yatsanka, don ta ganye take fitar da wanda ta sha. A tsakanin saiwoyin nan ƙaguwa ke haƙa ramuka, 'ya'yan kifi da jatan lande ke ɓuya har su yi ƙarfi. A kan rassanta zalɓe ke sheƙa, ciki har da babban zalɓen nan da ya fi kowane zalɓe girma a duniya, mai tsayin da ya kusa kai kafaɗar mutum. Duk shurar Sudan in aka haɗa ta, daga Muhammad Ƙol a arewa zuwa Ashat da bakin Tokar a kudu, 'yan ɗaruruwan hekta ce kawai, a warwatse tsiri-tsiri. Gonar babban manomi ɗaya a Gadarif tana iya fin ta faɗi.

Kowa ya tashi maganar lalacewar shura, raƙumi yake fara ambata, kuma da gaskiyarsa. Lokacin da tudu ya bushe, makiyayan ƙabilar Bija suna gangaro da raƙumansu gaɓa, su ci ganyen har iya inda wuyansu ya kai, su tattake saiwoyin numfashi da ƙananan tsiro. Ana kuma sare rassa a kai wa dabbobin da ke gida, ko a yi makamashi. Amma ni a ganina ɗora wa raƙumi laifin duka zalunci ne. Bija da raƙumansu sun daɗe a gaɓar nan ƙarni bayan ƙarni, shura ba ta ƙare ba. Abin da ya canza shi ne ruwa. Shura tana jure gishiri, amma tana bukatar ruwan daɗi da laka da koramu ke kawo mata daga tsaunuka sau 'yan kaɗan a shekara. In aka yi titi aka toshe hanyar korama, ko aka datse ta a sama, ko aka haƙa kududdufan gishiri da na kiwon jatan lande a bayan kurmin, gishiri sai ya taru a taɓon ya wuce abin da bishiyar ke iya ɗauka. Takan bushe daga sama, a hankali, ba tare da an sa mata gatari ba. Bishiyar da ƙishi ya riga ya raunana ita ce cizon raƙumi ke ƙarasawa.

Mutanen Haɗejiya da Nguru sun san wannan ciwo, tunda madatsun Tiga da Challawa suka rage ambaliyar da ke cika fadamarsu. A nan ma tambayar ba mai sauƙi ba ce. Bur Sudan birni ne mai ƙishirwa, kuma da madatsar Arba'at ta ɓalle a watan Agustan 2024, ta share ƙauyuka, ta kashe mutane, ta bar birnin ba babbar hanyar ruwansa. Ba mai hankalin da zai ce kada a gyara ta saboda tsuntsu. Abin da za a nema shi ne duk madatsa da duk titin da za a gina a gaɓar nan a bar wa korama ƙofar da wani kaso na ruwanta zai isa teku. A Tokar kuma matsalar ta ɗauki wata kama. Koramar Baraka da ke gangarowa daga tsaunukan Eritiriya ita ke shimfiɗa lakar da ake noman auduga a kanta tun ƙarni na 19, amma ƙayar miskit, wadda aka shigo da ita Sudan a 1917, har gwamnati ta ayyana ta muguwar ciyawa a 1995, ta mamaye fili mai yawa, tana shanye ruwan ƙasa tana toshe magudanai.

Yanzu mu tsallaka tsibirai, inda abin ya fi tsanani. Akwai wani tsuntsu fari da baƙi mai dogayen ƙafafu da kakkauran baki, Larabawa na ce masa hankur, abincinsa ƙaguwa. A duk dangin tsuntsayen bakin ruwa shi kaɗai ke haƙa rami ya yi ƙwai a ciki. Yakan haƙa rami a kwance cikin yashi, tsawon mita ɗaya zuwa biyu da wani abu, ya ajiye farin ƙwai guda ɗaya tak a ƙurya. Zafin rana da ke ratsa yashin yana taya shi kwanci, shi ya sa uwar ke iya barin ƙwan ta tafi kiwo. Suna haƙa ramukan ne a gungu, kusa da juna, har ƙasan wurin ta zama rariya. Mutum ɗaya ya taka ta wurin da rana, ko bai ɗauki komai ba, ƙafarsa za ta riƙa burmawa, kowace burmawa kuma rami ne ya rufta da ƙwai ko ɗan tsako. Tsuntsun da ke yin ƙwai ɗaya a shekara ba ya mayar da irin wannan asara da wuri.

Nawras mai farin ido, wani tsuntsun teku, shi ma na gida ne: Bahar Maliya da Mashigin Adan ne kaɗai mahaifarsa a duniya. A ƙasa yake zuba ƙwai biyu ko uku, tsakiyar zafi, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Sai shahon magariba, ɗan siriri mai launin toka, wanda ya jinkirta haihuwarsa zuwa ƙarshen zafi don ta dace da lokacin da ƙananan tsuntsaye ke kwararowa daga arewa, ya riƙa kama su a kan teku yana ciyar da 'ya'yansa, sannan ya tafi Madagaska ya yi hunturu. Waɗanda suka rage a duniya 'yan dubbai ne, kuma a 2017 aka saka shi cikin masu rauni. Gaggafar kifi kuwa, da ke sheƙa a kan bishiya a wasu ƙasashe, a nan a ƙasa take tara tulin itace, tana ƙara masa duk shekara.

Duk waɗannan sun zaɓi tsibiri ne saboda dalili ɗaya, wato babu dila, babu kyanwa, babu ɓera, babu mutum. Ba su da wata dabarar kare kai ban da nisa. Da can nisan yana aiki, don mai huri, wato ƙaramin kwalekwale, da filafili ko ƙyallen iska ba kullum yake kaiwa can ba. Injin bayan kwalekwale ya kawar da wannan katanga. Masunta da masu nutso neman kokwamban teku, da masu tsince katantanwar zurumbak da kokiyan, sukan yada zango a tsibiri kwana da kwanaki. Matanmu sun san dufra da ake haɗa humra da ita. Murfin bakin katantanwar teku ce, kuma daga irin wuraren nan ake samo ta. Mutumin da ya kwana uku a tsibiri, guzurinsa ya ja baya, ga ƙwai a ƙasa birjik, ba sai an tambayi abin da zai yi ba. Wasu ma sukan fara fasa duk ƙwan da suka tarar don in sun dawo su kwashi sabo, wanda ke nufin tsuntsuwar ta yi asara sau biyu. Ko wanda bai taɓa ƙwai ba yana iya yin ɓarna. A watan Yuli zafin Bur Sudan yana haura digiri 40, kuma uwar da ke zaune kan ƙwai inuwa take yi masa. In aka tashe ta da tsakar rana, cikin ɗan lokaci abin da ke cikin ƙwan zai mutu. Ɓeran da ya sauka daga buhun kaya, ko kyanwar da aka manta, su kuma suna zama bayan mutane sun tafi.

Wanda ya je kasuwar kifi ta Sigala a Bur Sudan da safe ya ga wata annobar da idonsa. Hankakan Indiya, mai tokar wuya, wanda jiragen ruwa suka kawo tashoshin Bahar Maliya, yana tsaye a kan kowane kwando yana jiran mai kifi ya juya baya. Hanjin kifin da ake zubarwa da juji a buɗe su ke kiwonsa, in ya ƙoshi kuma ya bi gaɓa yana fasa ƙwan zalɓe yana ɗauke 'yan tsaki. A tsibirin Sukutra na Yaman an gama da shi a 2009, domin an tare shi tun yana 'yan kaɗan. A birni irin Bur Sudan ko Jidda wannan dama ta wuce. Abin da ya rage shi ne a rage masa abinci ta hanyar rufe shara, a kuma hana shi kafa gida kusa da wuraren sheƙa.

Ban da 'yan gida akwai baƙi. Hanyar Bahar Maliya tana cikin manyan hanyoyin ƙaurar tsuntsaye a duniya. Manyan tsuntsaye masu shawagi kaɗai, irin su gaggafa da shaho da farar shamuwa ta Turai da kwasakwasa, sun haura miliyan ɗaya da rabi da ke bi ta kowace shekara. Ƙananan masu tsince a taɓo kuma wasu daga can Sibiriya suke tasowa. Kakanninmu da suka taho Hajji da ƙafa daga Kano da Sakkwato da Borno, har suka iso Sawakin suka jira sambuk zuwa Jidda, sun san cewa tafiya zango-zango ce, kuma rijiyar zango ɗaya in ta ƙafe ayari duka take ci. Haka marsa take ga tsuntsun da ya ƙone kitsen jikinsa a kan hamada. A 2024 hukumar da ke tsara jerin halittun da ke cikin haɗari ta ɗaga matsayin nau'i 16 na tsuntsayen bakin ruwa masu ƙaura zuwa mataki mafi muni, kuma wasunsu suna hunturu a gaɓar nan. A shekarar ce kuma masana suka yanke cewa wani mai siririn lanƙwasasshen baki, wanda ganinsa na ƙarshe da aka tabbatar a wata fadamar gaɓar Maroko ne a 1995, ya ƙare a duniya.

A nan akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye, kuma ba ta da daɗi. A 2014 wata farar ungulu da aka maƙala wa na'urar bibiya a Girka ta tsallake teku da Sahara lafiya, aka harbe ta a Nijar don a sayar da ita ga masu neman sassan ungulu a Najeriya. A kasuwanninmu ake sayar da kan ungulu don asiri. Sudan ta gyara wayarta. In kasuwar 'yan magani ta ci gaba da sayen abin da wayar ta bari, gyaran bai kai ko'ina ba.

A takarda gaɓar Sudan ba ta rasa kariya ba. An ayyana Sanganeb, wani zoben murjani a cikin teku daura da Bur Sudan, wurin kiyaye halittun ruwa a 1990. Sudan ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 2005, a 2009 kuma aka sa mashigin Dungunab da yankin Sawakin zuwa mashigin Agig cikin jerin fadamun da duniya ta damu da su. A 2016 UNESCO ta sa Sanganeb da Dungunab da tsibirin Mukawwar cikin wuraren gadon duniya. Akwai kuma hukumar ƙasashen yankin ta kare muhallin teku, PERSGA, mai hedikwata a Jidda, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Jidda ta 1982. Duk waɗannan suna da amfani, don su ne hujjar da ake riƙewa in wani ya zo zai gina tasha ko masana'anta a kan wurin sheƙa. Amma suna a takarda ba ya tuƙa kwalekwalen sintiri. Dungunab tana da nisan kilomita 125 daga Bur Sudan, kuma ma'aikacin gandun daji da ba shi da fetur ba zai san wa ya sauka a wane tsibiri ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lissafin. Gwamnati ta koma Bur Sudan da zama, 'yan gudun hijira suka cika birnin, bukatar ruwa da kifi da fili ta ƙaru, iskar gas ta yi wuya aka koma gawayi da itace. Masu yawon nutso da ke kawo 'yan kuɗi Sanganeb suka ɗauke ƙafa. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari rumbunan mai na birnin, wuta ta yi kwanaki tana ci, a gaɓar da tashar fitar da ɗanyen mai ta Basha'ir take. Malalar mai guda ɗaya a watan Yuli za ta iya share haihuwar shekara ta tsibirai da yawa. Na san akwai mai cewa, ana binne mutane wa ke ta tsuntsu? Ba na raina wannan tambaya, domin kowane gida a cikinmu yaƙin nan ya taɓa shi. Amsata ita ce kurmin da zalɓe ke sheƙa a kai shi ne wurin renon kifin da ake sayarwa a Sigala, kuma shi ne abincin raƙumi na ƙarshe a shekarar fari. Wanda ya tsare shi ya tsare tukunyar talaka.

Kuma yawancin abin da ake bukata ba ya jiran a gama yaƙi, ba ya jiran dala. Tsibiran da ake haihuwa a kansu sanannu ne, watannin ma sanannu ne. In shugabannin masunta na Muhammad Ƙol da Dungunab da Sawakin suka yi yarjejeniya cewa daga Mayu zuwa Satumba ba a kwana a tsibiri kaza da kaza, aka ware wasu inda za a yada zango, an rufe babbar ƙofar ɓarna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; masuncin da ya shekara talatin a ruwan nan ya fi kowane baƙo sanin inda hankur ke haƙa. Bija suna da dokarsu ta gargajiya, silif, da ke tsara wa ke da ikon fili da bishiya da rijiya, kuma hukuncin da ya fito daga bakin shehunansu ya fi allon gwamnati tasiri. Addini ma ya riga ya shimfiɗa hanya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina a matsayin hima, wato makiyayar da aka killace aka tsare, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Abu Dawud kuma ya ruwaito yadda sahabbai suka ɗauki 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa a tafiya, ta zo tana karkaɗa fikafikai, Annabi ya umarta a mayar mata da su. Limamanmu na unguwannin Hausawa a Bur Sudan da Sawakin, waɗanda a sahunsu akwai masunta da dillalan kifi da masu sayar da gawayi, huɗuba ɗaya kan wannan kafin watan Yuni za ta isa inda ma'aikacin gandun daji ba ya isa.

Dashen shura shi ne abin da ya fi jan hankalin masu ba da tallafi, musamman tunda Saudiyya a tsallaken ruwa ta ce za ta dasa miliyan 100 kafin 2030. Dashe yana da kyau a inda ruwa ke zuwa yadda ya kamata. A inda aka toshe korama, tsiron zai mutu kamar yadda uwarsa ta mutu, kuma in aka dasa a kan buɗaɗɗen taɓon da baƙin tsuntsaye ke kiwo, an gyara wani gida an rushe wani. Abin da ya fi arha shi ne a buɗe magudanar da ta toshe a ƙarƙashin titi, a killace wani ɓangaren kurmi shekara biyu ko uku 'ya'yan shura su tsiro da kansu, sannan a buɗe shi a killace na gaba. Wuyar aikin tana wajen makiyayi. Ba za ka ce masa ya janye raƙumansa a watan da babu ko tsinke a tudu ba, sai ka zo masa da abin da za su ci a madadin, dusa ce ko karan dawa daga Tokar da Gash, a farashin da zai iya biya. Duk shirin da bai sa kuɗin wannan abinci cikin kasafinsa ba, shingensa ba zai kai hunturu a tsaye ba.